Darasi Na Tara: Jan Tirelar Kwana Da Jif, Da Abin Da Yake Yi Wa Birki

A Amurka da Turai da Ostireliya da Afirka ta Kudu akwai wata al'ada ta lokacin hutu. Magidanci ya ɗaura ƙaramin ɗaki mai taya a bayan motarsa, ya kwashi iyali su nufi daji ko bakin teku, duk inda dare ya yi musu nan ne masauki. A cikin ɗakin akwai gado da murhun gas da tankin ruwa, wani har da makewayi. A wannan darasi za mu riƙa kiran sa tirelar kwana. Ƙaramarta, da kayan cikinta, takan kai kilo 500 zuwa 1,500, kuma yawanci da jif ake janta.

Mu a nan ba mu cika ganin ta ba. Amma muna ganin 'yan uwanta kullum: janareta mai taya, tankin ruwa, injin kwaɓa siminti, da motar da ta mace a hanya aka ɗaura mata igiya. Ban da haka, da yawa daga cikin jif ɗin da ake shigo mana da su na hannu daga Amurka suna zuwa da ƙugiyar ja a ƙarƙashin bambar baya, kuma duk wanda ya ga ƙugiya, wata rana sai ya rataya mata wani abu. Lissafin birki ɗaya ne, ko gado ne a cikin tirelar ko siminti.

Tambayar da mai jif yake fara yi ita ce, "Za ta iya ja kuwa?" Za ta iya mana. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta ƙarti biyu ma suna tura mota mai tan biyu ta tafi. Tambayar da ta fi wannan tsada ita ce ko za ta iya tsayawa, kuma ita ce ba a cika yi ba sai bayan an ji ƙauri.

Aikin da birki yake yi

Ku tuna yadda muke murza tafin hannu da sanyin asuba don mu ji ɗumi. Haka birki yake aiki. Idan direba ya taka feda, man birki yana matsa fad guda biyu su damƙe faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wanda kanikawa ke kira dis. Gogayyar nan ce ke rage gudu, kuma duk ƙarfin gudun da aka rage zafi yake komawa. Zafin yana shiga faifan, iska tana kwashe shi a hankali. Wanda ya ƙera motar ya auna girman faifan da fad ɗin daidai da nauyin motar da iyakar lodinta, bai auna da tirelar da wani zai ɗaura daga baya ba, sai gwargwadon abin da ya rubuta a littafin motar.

Abu biyu ne ke ƙayyade yawan zafin: nauyi da gudu. Nauyi yana tafiya kai tsaye, wato idan ya ninka, zafi ya ninka. Gudu kuwa mugu ne, domin idan ya ninka sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa.

Bari mu ɗauki misali da alƙalami. Jif ce mai kilo 2,000, har da direba da iyalinsa. An ɗaura mata tirelar kwana mai kilo 700 wadda ba ta da birkin kanta. Jimilla kilo 2,700 ke nan, ƙarin kashi 35 cikin ɗari, amma tayoyin da ke riƙe hanya idan an taka birki har yanzu huɗu ne. A busasshiyar kwalta mai kyau, a gudun kilomita 80 a awa, jif ita kaɗai za ta tsaya cikin kamar mita 36 daga lokacin da birki ya kama. Da tirelar a baya tana tura ta, sai ta ci kusan mita 49. Ƙarin kusan mita 13 ya fi tsawon jif biyu a jere. Ku ɗora mita 22 da motar ke shafewa a cikin daƙiƙa ɗaya da direba yake ɗauka kafin ƙafarsa ta bar totur ta isa birki. Yaron da ya biyo ƙwallo, ko saniyar da ta ɓullo daga gona, a cikin waɗannan mitoci suke tsayawa.

Wannan mugun hali na gudu yana iya zama aboki idan aka juya shi. A misalin nan namu, idan direba ya sauko daga 80 zuwa 70, ya kusan biyan bashin da tirelar ta jawo. Idan ya sauko 60, zai tsaya cikin kamar mita 27, ƙasa da abin da jif ɗin ke ci ita kaɗai a 80. Shi ya sa a Jamus iyakar gudun mai jan tirela kilomita 80 ce a awa, sai wanda ya cika wasu sharuɗɗa aka yarje masa 100. A Birtaniya mil 60 ne a manyan tituna, mil 50 a hanya mai hannu ɗaya, wato kamar kilomita 96 da 80.

Gangara

Tsayawa sau ɗaya ba ta cika gajiyar da birki ba. Ya yi zafi, ya huce. Inda yake ganin ta kansa shi ne doguwar gangara, kuma a nan ne nake so mu daɗe.

Mota a kan tudu kamar tulun ruwa ce a kan katanga: tsayin da ta hau ajiyayyen ƙarfi ne, kuma sai an biya shi wajen saukowa. A ce jif ɗinmu da tirelarta, kilo 2,700, za su sauko gangarar da zurfinta ya kai mita 300 daga sama zuwa ƙasa. Ƙarfin da za a zubar a hanyar ya isa ya tafasa jarkar ruwa mai lita 25. Ya yi daidai da taka birki daga gudun 80 har tsayawa cik sau goma sha biyu a jere, ba hutu. Iska da tayoyi suna ɗauke wani kaso, sauran kuwa dole ɗayan biyu ya sha shi: ko inji, ko birki. Inji yana da lagireto da fanka da ruwa masu fitar da zafi. Birki ba shi da kowa sai iskar da ke wucewa.

Duk wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko tsaunin Mambila a Taraba, ya san ƙaurin da nake nufi. A jihar Kolorado ta Amurka, a babban titin da ke saukowa yamma daga ramin Eisenhower, an gina wasu hanyoyi na musamman cike da tsakuwa a gefen titi don motar da birkinta ya shanye ta afka ciki ta tsaya. Ba a kashe kuɗi a kan irin wannan sai don abin yana faruwa.

Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce, giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai, ko ma wadda ke ƙasa da ita idan akwai lodi. Tun kafin hancin mota ya sunkuya ake rage gudu a sa lamba biyu ko uku. Mota mai giyar otomatik ma tana da hanyarta: a ja ta zuwa 2 ko L, ko a yi amfani da alamar ragewa idan tana da ita, wasu kuma suna da maɓalli na musamman don jan kaya. Inji zai yi kuka, allurar juyinsa ta tashi. Kukan nan aikinsa yake yi, muddin allurar ba ta shiga ja ba, kada ya tsorata ku.

Idan duk da haka gudu yana ƙaruwa, ga yadda ake koya wa direbobin manyan motoci. Ka zaɓi gudun da ka amince da shi, a ce 40. Motar ta kai 40, ka taka birki da ƙarfi daidai gwargwado na 'yan daƙiƙu har ta dawo kamar 30, sannan ka ɗage ƙafa ɗungurungum. Ta sake kai 40, ka maimaita. Idan ka ga kana takawa a kai a kai ba sarari, giyar ta yi sama, ka ƙara saukowa. Abin da ba a so shi ne ɗora ƙafa a kan feda tun daga sama har ƙasa a giya mai gudu.

Akwai wata ɗabi'a da ta ƙara yawa tun da aka cire tallafin man fetur a 2023: sa mota a firi a gangara, wani ma har ya kashe inji, wai yana tattalin mai. Wannan ganganci ne ko ba tirela, balle da ita. A firi an cire inji daga aikin, an bar wa birki dukan jarkar nan. In kuma an kashe inji, na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi tana daina aiki bayan taku biyu ko uku, feda ta yi tauri kamar dutse, sitiyari ya yi nauyi. Abin dariyar ma shi ne, motocin zamani suna yanke mai da kansu idan suna gangara a cikin giya ba a taka totur ba, a firi kuwa inji yana ci gaba da shan na zaman banza. Mai firi bai tsira da man ba, ya kuma sayar da birkinsa.

Yadda birki yake shanyewa

Iri biyu ne, kuma ƙafa tana iya bambance su. Na farko daga fad yake. Idan ya yi zafi fiye da kima, sinadarin da ya haɗa shi yakan fara ƙonewa, fuskarsa ta yi santsi. Feda tana nan da taurinta, kana takawa da ƙarfi, amma motar ba ta ji. Ƙauri yakan riga shi zuwa, wani lokaci har da hayaƙi daga taya.

Na biyu daga man birki yake, kuma ya fi ban tsoro. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da ƙarfin ƙafa zuwa taya. Tururi kuwa yana matsuwa. Idan man ya tafasa, feda sai ta yi laushi kamar soso, ta nutse har ƙasa. A jikin robar man za ku ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 kuma 230. Matsalar ita ce wannan mai yana zuƙar laima daga iska. Idan ruwan da ya sha ya kai kusan kashi 4 cikin ɗari, ma'aunin da aka yarda da shi yana saukowa zuwa 140 ga DOT 3, da 155 ga DOT 4. Don haka ne kamfanoni da yawa suke cewa a juye shi a zuba sabo duk shekara biyu. Mu kuwa ciko muka sani. Akwai motocin da man da suka baro Amurka da shi yana ciki har yau, ana ta ƙara masa. A cikin gari ba za a gane ba, sai ranar da aka ɗaura tirela aka fuskanci gangara. Masu zuba ruwan sabulu a madadin mai kuwa, ba sai an yi dogon bayani ba: ruwa a digiri 100 yake tafasa.

Wannan nau'i na biyu yana da yaudara. Bayan an tsaya rabin awa, tururi ya koma ruwa, feda ta dawo daidai, direba ya ce, "Ai ta gyaru." Ba ta gyaru ba. Man da ya taɓa tafasa a canza shi.

In kun ji ɗaya daga cikin alamun nan, ku rage giya ɗaya bayan ɗaya, ku nemi fili ku tsaya tun da sauran birki. A sa giya, a sa weji ko dutse a tayoyin mota da na tirela, a bar ƙarfen ya huce da kansa. Kada a watsa masa ruwa, faifai mai zafi yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Tirela mai birkin kanta

Maganin da ya fi kowanne shi ne tirela ta ɗauki nauyin tsayar da kanta, kuma dokokin ƙasashen da aka saba da ita sun tsaya a kan haka. A Turai da Ostireliya, duk tirelar da nauyinta da lodi ya wuce kilo 750 dole ta kasance da birki. Birtaniya ta ƙara da cewa marar birki kada ta wuce rabin nauyin motar da ke janta. A Amurka kowace jiha da dokarta: da yawa sun sa iyaka a fam 3,000, kimanin kilo 1,360, amma Kalifoniya ta ce tirelar kwana daga fam 1,500, kimanin kilo 680, sai da birki. Don ku ji nauyin a jikinku, kilo 750 buhun siminti 15 ne kacal. Tankin ruwa mai lita 1,000 kuwa tan guda ne cur, ban da ƙarfen da ke ɗauke da shi, kuma yawancin waɗanda masu walda ke haɗawa ba a sa musu birki.

Turawan Turai sun fi amfani da birkin turi. Wuyan tirelar yana da wani bututu mai shiga da fita. Mota ta rage gudu, tirela ta turo ta, bututun ya matse, ya ja waya ta kama birkin tayoyin tirela. Ba ya buƙatar lantarki, amma yana da aibi a doguwar gangara: tun da tirela tana kan turi, birkinta yana iya zama a kame har dirom, wato kwanon ƙarfen birki da ke juyawa tare da tayar tirela, ya yi zafi, ko da direba bai taka komai ba. Saboda haka mai irin wannan ya riƙa tsayawa yana kai bayan hannu kusa da tayar tirela, ba tare da ya taɓa ba.

A Amurka da Ostireliya birkin lantarki ya fi yawa. Akwai maganaɗisu a cikin dirom, da wata 'yar na'ura kusa da direba da ke aika wuta gwargwadon yadda motar ke rage gudu. A nan ne masu sayen kayan hannu suke faɗawa rami. Tirela tana da birkin lantarki, an haɗa soket, fitilun baya suna kamawa, sai a ɗauka komai ya yi. Alhali in babu wannan na'ura a cikin jif ɗin, birkin tirelar ba ya yin komai. Dukan nau'in biyu suna da wata siririyar waya da ake maƙalawa a jikin mota, wadda za ta kama birkin tirela idan ta ɓalle. A jikin ƙarfen mota ake maƙala ta, yadda ba za ta tafi tare da abin da ya ɓalle ba.

Adadin da kamfani yake tallatawa, a ce Land Cruiser tana jan kilo 3,500, na tirela mai birki ne. Marar birki ba ta wuce 750 ko ga wannan babbar mota, ƙananan jif kuwa wasu ba su kai haka ba. Kuma ba kowace jif ce jif ba: yawancin RAV4 da aka ƙera don kasuwar Amurka fam 1,500 aka rubuta musu. A Amurka akwai gwajin da kamfanoni ke bi kafin su buga wannan adadi, har da hawan wata hanya mai kimanin kilomita 18 kusa da madatsar ruwa ta Davis a Arizona, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba. Sabuwar mota ake gwadawa, mai sabon fad da sabon mai da sababbin tayoyi. Wadda ta yi shekara goma sha biyar tana shan ramuka ba ita aka gwada ba.

Nauyin da ke kan ƙugiya

Yadda aka jera kaya a cikin tirela yana taɓa birki ta wata fuskar. Tayoyin gaba su ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa. Idan kaya sun taru a gaban tirela, wuyanta ya danne bayan jif, gaba ya ɗaga, tayoyin gaba su rasa riƙo a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Idan kuma kayan sun koma baya, wuyan ya yi sakayau, tirela ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama da zarar gudu ya ƙaru ko babbar mota ta wuce. A Amurka ana so nauyin da ke kan ƙugiya ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela. A Birtaniya, inda ƙirar tirelolin ta bambanta, 5 zuwa 7 ake cewa. Ko wanne aka bi, kada a wuce abin da aka rubuta wa ƙugiyar. Ana iya auna na ƙaramar tirela da sikelin awon mutum da guntun katako a ƙarƙashin wuyanta. Kaya masu nauyi a ƙasa, kusa da tayoyi, a ɗaure su tam.

Idan ta fara kaɗa wutsiya, zuciya za ta ce a danna birki. Kada a bi ta. A ɗage ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, a bar gudu ya sauka da kansa. Mai birkin lantarki yana da ƙarin dabara: na'urar tana da maɓallin hannu da ke kama birkin tirela shi kaɗai, sai ta ja baya ta miƙe kamar igiyar da aka ɗame.

A gareji kuma, kafin tafiya, kada ku tsaya a kan "Oga, duba min birki." Ku faɗa wa bakanike cewa kaya za ku ja, ku sa ya cire tayoyi huɗun ku ga kaurin fad da idonku. Ku tambaye shi ko an taɓa toshe bututun birkin wata taya saboda yoyo, domin ana yin haka, kuma motar da ke tsayawa da ƙafa uku ba ta da abin da za ta ba tirela. Mai jan kaya a kai a kai ya san fad ɗinsa zai riga na maƙwabcinsa ƙarewa.

Aikin gida

Wata jif tana da nauyin kilo 1,800 da mutanen cikinta, kuma ita kaɗai tana tsayawa cikin mita 36 a gudun 80. An ɗaura mata tirela marar birki mai kilo 300, aka loda buhun siminti 9. Ku fitar da jimillar nauyin tirelar, da kashi nawa cikin ɗari aka ƙara wa birki, da mita nawa za a ci kafin a tsaya. Sannan ku faɗi ko dokar Birtaniya za ta yarda da wannan haɗi.

Wanda yake da mota, ko yake tuƙa ta wani, ya buɗe ƙofar direba ya duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, ya kwafo lambobin nauyin da ke kai. Ya buɗe bonet ya karanta abin da aka rubuta a murfin man birki, ya kuma dubi launin man. Ku zo da abin da kuka samu mako mai zuwa, da shi za mu fara.